Dabinon Safiya

Al-Shifa, Riyad

Zuwa ga Gwaggo Hajjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ni ce Safiatou, 'yar ƙanenki Mamane. Ki yi haƙuri da Hausata, Larabci ya fi zama a bakina.

Malamarmu, wadda muke kira Abla, ta ce kowace ɗaliba za ta tsaya gaban aji ta ba da tarihin garinsu. Na tambayi Baba game da Tudun Gawo, amma yana dawowa daga tuƙi a gajiye, sai ya ce, "Gari ne mai albarka," ya yi barci. Don Allah ki taimake ni. Ban taɓa ganin garin ba.

Ki huta lafiya,
Safiatou

Tudun Gawo

Uwata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Tunda sunan mahaifiyarmu kika ci, dole in amsa da sauri. Ubanki kuwa tun yana yaro haka yake, bakinsa na tuwo ne kawai.

Garinmu na kudancin Maradi, dab da iyakar Najeriya. Wani maharbi ne ya kafa shi, ya gina rijiya a gindin gawo. Rijiyar na nan, akuyoyi sun fi mu amfani da ita. Akwai guntun ganuwa. Akwai gidan da Nasara suka gina, nan ne ofishin perefe mai mulkin yankinmu, ko da yake jemagun rufin sun fi shi daɗewa kan mulki. Marina ta mutu, saura rami biyu da wani tsoho mai taurin kai. Kasuwa ranar Alhamis. Sai Dabinon Safiya a bakin ƙofar gidanmu, inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja.

Ki gaida uwarki.
Gwaggonki Hajjo

Al-Shifa, Riyad

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haddace komai, har dabinon da na ɗauka na Kaka Safiya ne.

Amma ina jin zan roƙi Abla ta cire sunana. Da muke gwaji, na ce "garinmu", sai wata 'yar ajinmu ta ce, "Ke da aka haifa a nan? Nan ba naku ba ne, sai da iƙama, takardar izinin zama. Can kuma wa ya san ki?" Aka yi dariya. Ni ma ina ganin gaskiya ta faɗa. Ba na son in tsaya gaban mutane in yi ƙarya.

Ki gafarce ni, na ba ki wahala a banza.
Safiatou

Tudun Gawo

Uwata,

Salama da gaisuwa. Kash! Ashe Mamane bai gaya miki ba? Allah ya haɗa ni da shi.

Dabinon nan ba na kakarki ba ne. A wurinmu, inda aka binne cibiyar mutum nan ne garinsu. Da taki ta faɗi, uwarki ta ƙulle ta a ƙyalle, ubanki ya ba wata maƙwabciyarmu da ta zo Umara, haɗe da dabino na tsaraba. Ni da hannuna na binne ta a ƙofar gida. Na ci dabinon, na dasa ƙwallon a kai. Shekara nawa ina korar awaki dominsa! Yanzu ya fi katanga tsawo. 'Ya'yansa ba zaƙi, kunya gare shi kamar mai shi, amma ko baƙo ya sauka tasha ya ce "Dabinon Safiya", za a kawo shi. Ga hoto nan na turo a waya.

Wa ya san ki? Tambayi 'yan kabu-kabu.

Gwaggonki Hajjo

Al-Shifa, Riyad

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na tsaya gaban aji. Na ce "garinmu" da ƙarfi, na ɗaga hoton. A gida kuwa, Baba ya daɗe yana kallonsa, ko abinci bai taɓa ba.

Na gode, Gwaggo. Don Allah a ci gaba da ba shi ruwa har in zo.

'Yarki,
Safiatou ta Tudun Gawo