Na Bar Mayar da Magana

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Baba? Yaya su Yaya da yaran? Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa komai a ranki.

Kin tambayi abin da na bari a azumin kwana arba'in ɗin nan. Ba nama ba ne, dama ba ganinsa nake yi ba. Mayar da magana na bari. E, ni ɗin da kika sani!

Jiya shugabarmu a ɗakin wankin otal ta watso mini zannuwan gado talatin da na goge, wai ba su gogu ba. A gaban kowa ta ce, "Ke, ba a koya miki komai a gidanku ba?" Amsa ta zo har bakina, mai zafi kuwa. Na haɗiye ta, na sake jona dutsen guga. Garin gugar har na ɗan ƙone a hannu, amma ba wani abu ba ne.

Yau kwana ashirin da uku ban karya ba, kuma ba zan karya ba. Ki sa ni a addu'a.

Shekara nawa kina cewa, "Ke dai bakinki!" Jiya shiruna ya nuna mata an koya mini.

'Yarki,
Auta