Ni na ce masa ba mai ganinsa

Anti Muhibbat, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni sakat. Ina da ɗan shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a nan Lafia. Mutane na kirana Injiniya, ban kuma taɓa hana su ba, alhali iyakata sakandare.

Ina da aboki Terseer, ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti a ƙauye bayan Assakio. Tun firamare muke tare, na ci sakwarar mahaifiyarsa ba adadi. Wata uku da suka wuce ya zo mini rai a ɓace, wai firjin allurar rigakafinsu ya mutu tun bara, ya kai ƙara har ya gaji. Yana so ya faɗa a intanet amma yana tsoron aikinsa. Ni da bakina na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na saka masa wata 'yar manhaja ta kyauta da ake kira furoksi a burauzar kwamfutarsa, wato inda yake shiga intanet. Na nuna masa in ya danna ta zama kore, za a ga kamar daga Jamus yake rubutu. Na bugi ƙirji na ce ko gwamnati ba za ta gan shi ba. Gaskiya, Anti, ban san kanta ba, ƙwallo kawai nake kallo da ita.

Ya buɗe shafi da sunan bogi. Da lambar wayarsa ya yi rajistar, ina tsaye ina kallo. Ya ɗora hotunan firjin. Ba a yi sati biyu ba wasu jami'ai suka gayyace shi, ya wuni yana amsa tambayoyi, daga baya aka dakatar da shi daga aiki.

Bai ambaci sunana a gabansu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yana ganin laifinsa ne, wai ƙila ya manta bai kunna ta ba. Matarsa Seember, da tsohon ciki, ta zo na buga musu takardar roƙo, har tana yi mini godiya. Na kasa kallon idonta. Jiya kuma ya ce ranar Litinin zai sake rubutu, wannan karon zai tabbatar ta yi kore. Ban hana shi ba. In na faɗi gaskiya zan iya rasa shi, kuma gari zai ji. Yaya zan yi?

Injiniyan Ƙarya, Lafia

Ɗan'uwa, na tausaya maka, amma kunyar taka za ta iya jira, Litinin ba za ta jira ba.

Bari in fara da manhajar. Aikinta ta ɓoye wa shafi inda kake, a cikin burauzar kaɗai. Ba ta goge layin wayar da aka yi wa rajista da sunan mutum, ba ta hana kamfanin shafin riƙe bayanansa, kuma masu ita na iya ganin inda kake shiga. Balle hoton. Mutum nawa ne ke shiga ɗakin da firjin yake? Mai neman Terseer ba sai ya wahala ba. Ko ta yi kore sau ɗari, haka za ta sake faruwa.

Ba ka yi da mugunta ba, shi ma babba ne, da hankalinsa ya yi rubutun, kuma abin da ya nema wa yaran ƙauyen daidai ne. Naka laifin shi ne ba da tabbacin abin da ba ka sani ba. Wannan ya wuce. Shirun yanzu kuwa da saninka kake yi, kuma shi ya fi muni.

Rufe shago yau ka same shi. Kada ka yi ta waya. Faɗa masa bai manta da komai ba, kai ne ba ka sani ba. Ka raka shi wajen ƙungiyarsu ta ma'aikata da wajen lauya kafin ya ƙara rubuta ko harafi, su nuna masa yadda zai bi maganar aikinsa da ta firjin. Duk wanda ka taɓa saka wa manhajar nan da irin wannan alkawari, shi ma ka neme shi.

Wataƙila zai yi fushi, ya cancanta ya yi, ka daure. Mutumin da ya wuni a gaban jami'ai bai kira sunanka ba ya fi ƙarfin ka bar shi ya koma can don kare sunan Injiniya. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya mayar da Terseer bakin aikinsa, ya sauki Seember lafiya.

Anti Muhibbat