Titin da Suka Auna Ranar Juma'a

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni ce na sace iskar tayar keken Perpetual ranar Alhamis, da tsinken tsintsiya. Ta zaci ƙusa ta taka. Har na taya ta tura shi gida.

Gidanmu ɗaya a Garki, ɗakinsu na kallon namu. Tun muna firamare tare muke takawa makaranta. Da muka shiga sakandare sai babanta, Oga Godfrey, mai gyaran mota a Apo, ya haɗa mata keke da tsofaffin ƙarafa, ya fente shi kore. Yanzu da wata Jennifer 'yar makarantarmu take tafiya, don ita ma tana da keke. Ni ina baya da jakata.

Talata, 7 ga Oktoba

Malama Angelina ta ce ranar Alhamis ta mako mai zuwa za a yi muhawara a gaban makaranta duka: shin a ware wa kekuna hanyarsu, da shingen kankare, a babban titin gaban kasuwa? Perpetual da Jennifer ne masu goyon baya. Kingsley ɗan ajinmu ne jagoran masu adawa.

Ba a zaɓe ni ba. Na san ko an zaɓe ni muryata ba za ta fita ba. Amma a tambaye ni mana.

Laraba, 8 ga Oktoba

Jennifer ta ba Perpetual ƙararrawar keke irin tata. Yanzu har ƙararsu ɗaya.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ina wanke-wanke Perpetual ta zo da wayar mamanta. “Muhibba, zo ka gani! Mun auna titin jiya. Gefensa fili ne, ba kowa, ko akuya babu. Taku goma sha biyu!” Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Da can ina gyara mata.

Na duba hotunan. Fili kam, fes. Har da bishiyar darbejiyar da Baba yake kafa baronsa na lemu da kankana a ƙarƙashinta.

An hana su hawa keke a wannan titin, ba su san shi ba. Juma'a ce kaɗai ake tashinmu da wuri, shi ya sa suka je jiya, ƙarfe ɗaya da rabi. Ba su san kafin ƙarfe ɗaya su Baba suke tura barorinsu bayan wani kyamis su kulle su tafi masallaci ba, don kada 'yan kamen kaya su zo suna sallah. Kafin ƙarfe uku kowa ya koma wurinsa.

Na buɗe baki zan faɗa mata. Sai ta ce, “Jennifer ce ta kawo dabarar hoton, tana da kai sosai.”

Na ce, “Ya yi kyau.”

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na tambayi Baba. Na zaci zai ce hanyar keke shirme ce, in ji daɗi. Sai ya ce, “Ai gara a yi. Watan jiya a gabana mota ta bankaɗe mai kai burodi, har yau yana ɗingishi.” Sai ya ƙara da cewa, “Amma in sun zuba kankare a nan, ni da barona mu koma ina? Kan darbejiya?”

Umma ta ce mai ƙafa ma bai samu hanya ba, balle mai keke.

Na sa ya lissafa min masu sana'a a wurin. Su goma sha tara ne, har da mai gyaran takalmi da matar da ke gasa masara.

Litinin, 13 ga Oktoba

Kingsley ya tare ni a bakin famfo. “Madam Shiru, an ce babanki a titin nan yake. Ba ni abin da zan kayar da 'yan keken nan.” Na ce gobe.

Na rubuta komai a takarda, har da maganar Juma'a. Ina ta hango shi: su ɗaga hoto, Kingsley ya ce wace rana, ƙarfe nawa, makaranta ta kwashe da dariya. Jennifer ta rasa inda za ta sa fuska.

Na ji daɗi. Allah ya yafe min, amma na ji daɗi.

Talata, 14 ga Oktoba

Na ce wa Kingsley na manta takardar a gida. A aljihuna take.

Da yamma Perpetual ta tsaya a tsakar gida tana haddar jawabinta na Turanci. Ashe ita ce za ta ɗaga hoton, ba Jennifer ba. Jimlarta ta farko ma ita ce ba wanda ke amfani da gefen titin. Ta ce in saurara mata.

Na ce, “Ina Jennifer ɗin?”

“Tana dariya in na yi kuskure. Kai ba ka dariya.”

Sau huɗu ta maimaita. Ban gyara komai ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Umma ta aike ni kai wa Baba abinci ƙarfe uku. Na ce wa Perpetual ta raka ni. Da ƙafa.

Da muka sha kwana ta tsaya cak. Baro bayan baro, hayaƙin masara, masu saye har kan kwalta.

“Yaushe suka zo?”

“Baba shekararsa tara a nan.”

Ya yanka mata kankana, ta riƙe ba ta sha ba. A hanyar dawowa ta ce, “Tun Asabar ka sani?” Na ce eh. Muna isa gida ta shige ɗaki ta saki labule.

Wataƙila ta daina kula ni ke nan. Wataƙila gobe ma da Jennifer za ta tafi.

Ba wai na huce ba. Amma na ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar da na rubuta wa Kingsley, tambayar Baba, a koma ina. Na naɗe ta na zura ta ƙarƙashin labulensu. Bari Kingsley ya nemi nasa.