Baba ya mayar da carbinsa hannun hagu

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Mahaifinmu kafinta ne. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya mutu, sai a baki muke ba shi abinci, yana ci yana kau da kai don kunya. A asibiti suka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba yaro ba ne, ya wurga ta ƙarƙashin gado.

Sai Allah ya haɗa mu da wata likitar gashin ƙashi, wallahi ban taɓa ganin mai basira irinta ba. Ta lura yana jan carbi da hagu, ta ce ya gwada da dama, ta sa muka samo masa mai manyan 'ya'ya. Da farko da ƙyar yake tura ɗaya. Anti, har ya kai yana riƙe cokali! Ranar kuka na yi.

To, ƙanena da ke karatun lafiya, wanda muke tsokana da Likitan Gida, shi ya ɓaro mana aiki. A gaban Baba ya ce ai motsa yatsu ne kawai, ko duwatsu ya ja haka zai warke. Washegari Baba ya mayar da carbin hannun hagu, wai ba zai mai da ambaton Allah motsa jiki ba. Yatsun sun fara sandarewa. Tsoron Allahnsa yana burge ni, amma hannun fa? Yaya zan yi?

'Yar Kafinta

'Yar Kafinta, sannu da ƙoƙari. Mahaifinki ya burge ni. Ba taurin kai yake yi ba, niyyarsa yake karewa, don haka kada ki yi masa gardama. Ƙanenki kuma bai yi ƙarya ba, maimaita motsi yana farfaɗo da yatsu. Rabin gaskiya ya faɗa, a inda bai dace ba. Ai ƙwallon ma tana motsa yatsu, me ya sa ta ƙare a ƙarƙashin gado? Abin da zuciya ke so shi jiki ke jure maimaitawa, likitarku ta gane wannan.

Ki samu malamin da Baba yake jin maganarsa, ya tuna masa cewa ruku'u yana miƙar da baya, amma ba wanda ya bar salla saboda haka. Lafiyar da ta biyo bayan ibada kyauta ce, ba ta ɓata niyya. Ki sanar da likitar cikin makon nan, kada yatsun su ƙara sandarewa, magungunansa kuma kada a yi wasa da su.

Likitan Gida ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri, ban da lacca. Allah ya ba Baba lafiya, ya nuna miki ranar da zai ja kunnen ƙanen nan naki da hannun dama.