Hannuwan da Aka Ɗaga wa Gajere

9 ga Yuli

Ƙanwata,

A rana irin ta yau ce majalisar dayosis, wato gundumar cocinmu, ta zauna zaɓen babban limami, dattawan kwamiti suka ɗaga wa Gajere hannu suka bar ni, har da mijinki. Shekaru sun tafi, amma ban manta ba.

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, kada ki damu. Tarin ma ya yi sauƙi, sai in na hau bene.

Kin ce Gajere ya zama bishop, har an ɗinka masa sabuwar riga. To, Allah ya sanya alheri. Gajeren da nake gyara wa wa'azi a makarantar tauhidi, yana cewa, "Malam, rufa mini asiri, kada a yi mini dariya." Sai dai ya san ƙofar gidan kowane dattijo, har akuyarsa yake gaisarwa. Ni na zaci karatu ake zaɓa, ashe gaisuwa ce.

Kin tambayi aikina. Ina coci dai, kamar yadda na faɗa wa Inna. Ranar taron kwamitin cocin garin nan nakan jera kujeru, in ajiye ruwa, in ja musu ƙofa in fita. Kada mijinki ya ji wannan.

Ki aiko mini hoton rigar, in ga ko ba ta yi masa tsawo ba. Allah ya raya yara.

Tun daga ranar zaɓen nan ban sake hawa mumbari ba.

Yayanki