Kalmar da Aka Mayar Jikin Allo

Yaya Fermín,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sauka? Ka gaishe mini da Eulalia da yara.

Aikin baje kolin tarihin garinmu ya kusa kammala. Ni da Driss, abokin aikina Musulmi, haifaffen garin Almería, muka rubuta bayanan alluna. Mun cire kalmar "Moro", sunan rainin nan da ake kiran Musulmi da shi, muka kira kowa da sunansa: Musulmin Andalus, Larabawa, 'yan ƙabilar Barbar. Kalmar ce yara ke jifan 'yar Driss da ita a makaranta.

Don Anselmo, shugabanmu, ya yi tsalle ya dire. "'Yata, haka tsofaffin takardu suka ce. Matattu za ki gyara wa baki?" Driss ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba matattu za su karanta ba."

Jiya kuma sai ga shi yana murmushi, wai ya amince, har da saya mini kofi. Mutumin da bai taɓa sauka daga kan magana ba! Hankalina bai kwanta ba.

Ƙanwarka,
Casilda

Yaya Fermín,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai da sauƙi.

An buɗe baje kolin. Kalmar ta dawo kan kowane allo, an cire sunan Driss, an bar nawa kaɗai. Mutane na ta tafi. Driss ya matso ya ce, "Barka, Casilda, kin iya aiki," ya ja hannun 'yarsa suka fita.

Don Anselmo ya rantse kuskuren maɗaba'a ne. Na je can. Mai wurin ya ce, "Haba madam, ba ke kika bugo waya kika ce a gyara ba?" Muryar mace ce, in ji shi.

Mu biyu ne mata a sashenmu: ni da Remedios, aminiyata, wadda ke son kujerar Driss. Ta rungume ni tana cewa, "Wa zai yi miki haka?" Ban taɓa ƙin jinin rungumarta ba sai ranar. Ko ita ce, ko sa ta aka yi, ban sani ba.

Na sa an goge sunana. Kalmar kuwa tana nan, sun ce sai kwamiti ya zauna.

Gobe zan je gidan Driss. Ban kira shi ba, don kada ya ce ba ya nan.

Ka sumbaci Mama a madadina.

Ƙanwarka,
Casilda