Kar Ka Ɗauke Babanka Daga Madina

Zuwa ga ɗana, Baban Hanan, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Gwiwata ce dai take ta ƙorafi, kullum daga unguwarmu ta Harra ta Yamma zuwa wajen Babanka, in je da hantsi in dawo da azahar, yau wata biyu ke nan da 'yan kwanaki. Na gaji, ba zan ɓoye maka ba.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙarka a nan shafin intanet inda kowa zai karanta. Dalili shi ne a nan na yi ɓarna. Mako biyu da suka wuce na rubuta cewa markaz ɗin da aka kwantar da Babanka, gidan jinya da gashin ƙashi da ke ta wajen masallacin Ƙiblatain, suna barinsa da yunwa. Mutane suka yi ta Allah-ya-isa, har waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar wurin ba. Kai kuma ka karanta, ka nemo wani markaz a Jidda, ka ce ranar Alhamis motar asibiti za ta zo ta ɗauke shi. Inda mutum ya zubar da ruwa, nan zai durƙusa ya goge. Ka dakatar da motar nan, ka kuma karanta har ƙarshe. Na san halinka, kana jin Hausa sarai, amma daga layi uku sai ka aiko mini da "tayyib", wato "to" ɗinka na Larabci, ka wuce.

Kai ka zaɓi wurin nan lokacin da aka sallame shi daga asibiti, ɓarinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. A waya ka zaɓa. Ka ga hotunan marmara da furannin roba, ka ƙirga taurarin da mutane suka ba su. Ni ba da wannan nake awo ba. Innata, Allah ya jiƙanta, takan ce in kana son ka san yadda ake riƙon majinyaci, kar ka dubi fuskarsa, ɗaga mayafi ka dubi diddige. Tun ranar farko abin da nake yi ke nan. Ina duba diddige, da bayan kunne, in sunsuna matashi.

Ga abin da na gani, ba ƙari ba ragi.

Ƙararrawar da ke gefen gado, in ka danna, kana iya gama azkar ɗin safe kafin wani ya leƙo. Ranar Juma'a kuwa sai ka ce an yi gudun hijira, mutum biyu ne a kan dukan ɗakunan. Farcensa ba a taɓa yanke masa ba sai da na zo da abin yanka daga gida. Akwai wata ma'aikaciya da take ɗaga masa murya kamar kurma, tana "ya Hajj, ya Hajj," alhali kunnensa ras yake. Sukan tsaya a kansa su biyu suna hirarsu suna canja zanin gado, kamar buhun shinkafa suke juyawa. Wannan ya fi ƙararrawar ƙona mini rai. Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗinka wa manyan garin nan tufafi.

Amma diddigensa lafiya lau, bayansa ko ja bai yi ba. Suna juya shi a kan lokaci. Wata 'yar Filifin, ba ma Musulma ba ce, ita ta lura yana shafa bango idan an kira salla. Ta je ta samo masa dutse mai faɗi na taimama ta ajiye inda hannunsa zai kai. In za ta gyara shi, sai ta rufe ko'ina ta bar wajen da take gogewa kawai. Wannan ban rubuta ba a wancan karon, domin mai fushi ba ya ganin alheri.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta kawo mu nan.

Babanka ya yi ta ramewa. Tiren rana da na yamma suna komawa yadda suka zo. Masu kwashewa su rubuta a takarda cewa ba ya sha'awar abinci. In an tambaye shi, kalma ɗaya ce take fita daga bakinsa tas, ita ce Alhamdulillah. Su kuma su ɗauka ya ƙoshi. Har likita ya ce in aka ci gaba a haka, za a zura masa roba ta hanci.

Ni kuwa da safe nakan zo da kunun gyaɗa da ful, dafaffen waken nan na Larabawa, in ba shi da hannuna, ya shanye tas har yana bin cokali da baki. Da azahar lokacin ziyara ya ƙare, in tafi. To me zan ɗauka? Na ce ko abincinsu ba ya ciwuwa, ko kuma ajiyewa suke yi su kwashe kafin ya taɓa. Ban tambayi kowa ba. Na dawo gida raina a ɓace na rubuta abin da na rubuta.

Akwai wani dattijo a sashen gashi, sunansa Usman, Bahaushen Sudan ne, furfura ta fara cin gemunsa. Shi yake motsa wa Babanka kafaɗa da yatsu kowace safiya. Ciyarwa ba aikinsa ba ne. Amma ya ga hannun da yake gasawa yana ƙara sirancewa, sai ya bar nasa abincin ranar ya je ya tsaya a bakin ƙofa inda Babanka ba ya ganinsa. Kwana biyu yana yin haka. Ya ce an ajiye tire a ɓangaren hagu, tunda shi ne mai aiki. Babanka ya daɗe yana kallon shinkafar. Hannun hagun ya ɗago, ya kusa kai wa cokali, sai ya koma ƙarƙashin bargo.

Ya tare ni a baranda da Hausarsa ta Sudan ya ce, "Hajiya, Baba ba abinci ya ƙi ba, hannu ya ƙi."

Sai da na nemi kujera na zauna, domin na san daga inda abin ya fito.

Ranar da aka kawo shi markaz, bayan ka tafi kama jirginka, na buɗe dabinon ajwa na ajiye a gabansa. Ya miƙa hannun hagu ya ɗauki ɗaya. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Malam, da hagu?" Haka kawai. Ya dube ni, ya mayar da dabinon a hankali. Ni na ɗauka na sa masa a baki, har ina ganin na kyauta. Wallahi na manta da maganar kafin la'asar. Shi bai manta ba. Mako uku yana kwana da yunwa a kan kalma uku da matarsa ta faɗa.

Kai ka fi kowa sanin wannan bakin nawa. Bahago aka haife ka. Kana shekara huɗu nake buge maka yatsu da ludayi. Na taɓa ɗaure maka hannun da safa har aka gama cin tuwo, kana kuka miya tana zuba a rigarka. Babanka yana daga kan kekensa na ɗinki yakan ce, "Ki bi shi a hankali, wanda ya yi daman shi ya yi hagun." Ban taɓa saurararsa ba. Na ci nasara, ka koma ci da dama, kuma har yau ba na nadamar koya maka sunna. Ludayin nake nadama. Na lura tun kana yaro, in za ka ɗauki abu a gabana sai ka ɗan dakata tukuna. Irin dakatawar da Usman ya gani ke nan daga bakin ƙofa.

Na je Harami na tambayi wata malama a ɓangaren mata, ko da yake na san amsar. Ta ce mai lalura babu laifi a kansa, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Na dawo na faɗa wa Babanka, na ce ni na yi kuskure, ya yafe mini, ya ci da hannun da Allah ya bar masa. Ya juya fuska ga bango. Ka san shi. Ba ya musu, ba ya kuma sauka.

Usman ne ya sake samo mafita. Ya zo da cokali mai kauri da maɗauri, ya ɗaura shi a tafin hannun daman da ya shanye. Sannan ya kama hannun hagun ya sa shi a ƙarƙashin wuyan hannun dama, ya nuna masa yadda zai tallabo shi zuwa baki. Ranar farko rabin shinkafar a ƙirji ta ƙare. Loma huɗu ce ta shiga. A ta biyar Babanka ya yi wata dariya ta gefen baki ɗaya, hawaye yana bin kuncinsa. Na fita waje, don ban saba ya ga nawa ba.

Yanzu yana cin rabin faranti, wata rana ya fi. Likita ya ce a bar maganar roba tukuna. Usman ya ce hannun ma yana amfana, tunda sau uku a rana ana ɗaga shi.

To ka tambaye ni ko wurin yana da kyau. Ga awona. Mako uku tire yana komawa cike, mutum nawa suka ɗauka suka rubuta, ba wanda ya ja kujera ya zauna ya ga dalili. Wannan sakaci ne, kuma na faɗa wa mudir ɗinsu, shugaban wurin, ido da ido. Ya ce daga yanzu za a riƙa tsayawa da shi lokacin cin abinci. Zan sa ido, ban yarda da alkawarin ofis ba. Amma ba su hana shi abinci ba. Wanda duk ya tsine musu saboda maganata, ya janye, ni kuma ina neman gafarar Allah da tasu. A cikinsu aka samu wanda ya bar abincinsa don ya gane abin da ni, matarsa ta shekara arba'in da biyu, ban gane ba. In ka kai shi Jidda, takardarsa ce za ta riga shi isa, a karanta a ga an rubuta ba ya sha'awar abinci. Wa zai tsaya masa a bakin ƙofa a can?

Akwai kuma abin da ba ka gani ba. Ranar da ka gaya masa maganar Jidda a waya, kana ta yi masa Larabci kana kwatanta ɗakin da ke kallon teku, ya damƙe ƙarfen gado da hannun hagu har jijiya ta fito. Bayan ka kashe ya yi ta kokawa da harshensa, da ƙyar ya fitar da kalma ɗaya: Baƙi'a, maƙabartar garin nan. Kakanka da ƙafa ya taho garin nan, ya ratsa Chadi da Sudan, don a binne shi kusa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Babanka ko Makka ya je umra, kwana biyu ya fara ɗokin dawowa. Kar ka fitar da shi yanzu da ƙafarsa ba ta iya dawo da shi.

Ku 'ya'yan yanzu kun ɗauka jinyar iyaye ita ce a samo wuri mai taurari biyar a danna waya. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, kuma ni na tayar maka da hankali. Amma ba mota yake bukata ba. Ranar Alhamis ɗin nan kai ka zo. Ka yanke masa farce, ka gyara masa gemu, ka zauna har a kawo tiren rana. Yana fama da maɓallin riga da carbi da buɗe shafin Alƙur'ani da hannun da bai saba da shi ba. Ni ban iya koya masa ba, Usman kuma majinyata sun yi masa yawa. Duk gidanmu kai kaɗai ka san yadda ake rayuwa da hagu.

Na ajiye maka sauran ajwar nan a cikin firji. In ka zo ka ɗauka a gabansa da hannun da ya fara miƙuwa. Ban ce na canja ra'ayi ba. Na ce zan kau da kai.

Allah ya ba Babanka lafiya, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Allah ya saka wa duk hannun da ya taɓa shi da tausayi, ya shiryi masu sakaci, ya yafe wa masu saurin baki. Kai kuma Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'yan da za su zauna kusa da kai ranar da ka kasa. Amin.

Ka sayo man zafi na gwiwa in za ka taho.

Wassalam,
Ummanka.